Ranar da na darje aikin maigida

Ɗazu na kama jikata da toka a hannu, za ta goge tsohon abin wuyana na azurfa. Na ƙwace ina dariya.

Haka na yi a Madawa a shekarun saba'in, ina amarya. Maigidana maƙerin azurfa ne. Kwana shida ya yi yana zana wani abin wuya mai kusurwa uku da jan dutse a tsakiya, mai shi za ta zo daga Keita da la'asar ta amsa.

Ni kuwa ɗiyar manoman Babankatami, gugar tukunya na iya. Na ga baƙi cikin zanen, na darje shi da toka da tsamiya har ya yi fari fat. Zane ya ɓace.

"Amarya, mi kika yi?"

"Dauɗa na hidda maka."

"Dauɗar nan ni na sa ta. In babu baƙi, zane ba ya hita."

Ban yi kuka ba, na ce ya gwada mini. Kafin la'asar na maida baƙin da garin gawayi da mai. Daga ranar, sa baƙi ya zama aikina.

Ku fa, me kuka taɓa ɓatawa da sunan gyara?