Askin da Ba a Ƙarasa Ba

Ranar wata Litinin ce a tsakiyar bazara, shekarar da nake aji uku a lakwal ɗin unguwarmu ta Birni, cikin Damagaram. Tun da hantsi rana ta buɗe wuta, duwatsun bayan makaranta suna huci, mu kuwa an jera mu a tsakar fili don duban kwarkwata. Wata sabuwar madam ce aka aiko mana daga Yamai, doguwa mai gilashi, ta ce kowace yarinya ta cire ɗankwali. Na cire nawa ina noƙewa, don kitson da aka yi mini ranar Juma'a ya riga ya warware kamar yadda ya saba, gashin ya zubo mini a wuya, a nannaɗe, baƙi wuluk, yana ƙyallin man shanu. Madam ta tsaya cak a kaina. Ta ajiye tsinken da take duba kawuna da shi, ta cusa yatsunta cikin gashina, ta ɗaga shi sama, ta kira sauran malamai da Faransanci su zo su gani. Ta yaba, ta sake yabawa, har da tafa hannu, amma tubarkalla ko ɗaya ba ta fito daga bakinta ba. Baiwar Allah, ita a ranta alheri take yi mini. Kafin in isa gida da azahar labari ya riga ni, don 'yan ajinmu bakinsu ba shi da linzami. Wannan ita ce bazara ta ƙarshe da na yi ina ji da kunnuwana.

Gidanmu gidan Barebari ne, kuma a gidan Barebari kitso ba abin wasa ba ne. Matan gidan kowace gashinta mai ƙarfi, in makitsiya ta kama shi sai ya yi wata bai motsa ba. Nawa kaɗai ne ya fita zakka. Santsi gare shi, ga laushi, ga taurin kai, in an miƙar da shi ya koma ya naɗe, in an kitsa shi ya sulale. Ya Gana mai kitson unguwarmu da ta hango ni sai ta fara tsaki tun ban zauna ba, ta matse kaina tsakanin gwiwoyinta, ta ja, ta ja, har fatar goshina ta ɗage, gefen kunnuwana su feso da ƙuraje. Duk wannan azaba ta banza ce, kwana biyu ya zube. A wajen gaɗa da 'yar carafke 'yan'uwana suna kirana Buzuwa, in faɗa ya haɗa mu kuwa gashin suke fara cafka, shi ya sa na koyi cizo tun ina ƙarama, kuma ban yi nadama ba. Da damina in an kai mu gonar dangi a Hamdara korar tsuntsaye da tsinkar yakuwa, sauran yara ƙarangiya a zane take kama su, ni a ka take kama ni. Sai in dawo da yamma kai cike da ƙaya, ina kuka, ina cewa a aske shi in huta.

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa yarda da wannan magana ba. Ita gashinta irin na kowa ne, amma uwarta mutuniyar arewa ce, daga wajen Tanut, ta rasu Inna tana 'yar mitsitsiya. Inna ta ce fuskar uwarta ta ɓace mata ƙaf, abin da ya rage mata kawai shi ne gashin da take kamawa in an goya ta, kuma ranar da aka haife ni ta gan shi a kaina. A garin da ake kwana a layin famfo, ake rigima da 'yan ga-ruwa a kan jarka guda, Inna sai ta ɓoye ruwa cikin tulu a bayan gadonta saboda kaina. Ta jiƙa busasshen karkashi har ya yi yauƙi, ta zaunar da ni a kan turmi a bayan ɗaki, ta wanke shi a hankali. Ba ta sa masa mataji, da yatsu take warware shi tun yana jiƙe, daga baki zuwa tushe, sannan ta murza man shanu a tafin hannu ta bi shi sili-sili. In bakinsa ya tsage sai ta jira ya bushe ya koma yadda Allah ya yi shi, sannan ta datse da almakashin ɗinkinta, ta ce in an yanke shi a jiƙe yaudarar mutum yake yi. "Wannan ba a faɗa da shi, Falmata," in ji ta, "lallashinsa ake yi." A ƙarshe ta kama mini shi gida biyu sako-sako, ta rufe da ɗankwali kafin Kaka ta leƙo.

Kaka ita ce uwar Babanmu, ita ce kuma mai gidan, don Baba direban babbar mota ne a hanyar Agadas, sai ya yi makonni ba mu sa shi a ido ba. Kada wani ya ɗauka muguwa ce, wallahi ba muguwa ba ce. Ita ke ajiye mini ƙanzon tuwo, a ɗakinta nake kwana cikin ƙamshin turaren wutan da take haɗawa tana sayarwa. Amma mace ce da ta binne 'ya'ya da yawa tun suna ƙanana, tsoro ya zauna mata a ciki ya ƙi fita. A wurinta gashina abu biyu yake yi: yana shan jinina, shi ya sa ba na ƙiba, kuma yana jawo mini bakin mutane. Duk wanda ya kalle ni sau biyu a hanya sai ta tofa mini addu'a a ka. "Yarinya duk ta tafi a gashi," haka take faɗa in ta kama tsintsiyar hannuna tana aunawa. Ta sha cewa a kira wanzami, Inna kuma ta sha sunkuyar da kai ta ce, "To, Iya, bari babanta ya dawo." Baba ya dawo, ya ci tuwo, ya koma, ba wadda ta tayar da zancen a gabansa.

Kwanaki kaɗan bayan abin da madam ta yi, na dawo daga lakwal kaina yana sarawa kamar ana daka a ciki. Na kwanta a ɗakin Kaka, zazzaɓi ya rufe ni, abin da na ci duk ya dawo, hasken ƙofa ma ba na son gani. A bazarar nan an yi ta fita da yara daga unguwa, kowa ya san ciwon da ke yawo, amma ba mai son kiran sunansa a gidansa. Kaka kuwa ba ta da wata shakka, ta ce baki ne, bakin matar Yamai, kuma maganinsa a raba ni da abin da aka yaba. Ranar ce na fara jin Inna ta ɗaga wa surukarta murya. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba mai taɓa kaina sai Baba ya dawo. Kaka ta ce ita ta haifi Baban. Aka turara ni da habbatussauda, aka kawo rubutu na sha na amayar, aka shafa mini lalle a tafin ƙafa. Maƙwabta suka shigo, wasu suka bi bayan Kaka, wasu suka ce a tausaya wa Inna. Da wuyana ya fara sandarewa, kaina yana komawa baya, Kaka ta nuna ni da hannu tana kuka ta ce, "Ku duba, nauyinsa ne yake jan ta!" Ina kwance ina jin su, gida guda cike da manya masu sona, ana ta shari'ar gashi, a aske ko kada a aske. Likita, wato asibiti, tana nan cikin gari, ba wani nisa ba, amma ba wanda ya ambace ta. Wannan abu har yau in na tuna shi raina ɓaci yake yi.

Inna ce ta sare. Da ta ga na daina gane mutane sosai, sai ta durƙusa gaban Kaka ta ce a yi duk abin da za a yi. Da sassafe aka kira Malam Ari, tsohon wanzamin gidanmu, wanda ya yi mini askin suna. Aka fito da ni tsakar gida a kan tabarma, Inna ta tallafe ni a ƙirjinta, ya buɗe zabira, ya wasa aska a fata, ya jiƙa mini kai da ruwan sabulu. Ina jin ƙarar askar, ƙar, ƙar, ina jin gashin yana sauka a kafaɗata, Inna tana tsince shi tana tarawa a gefen zanenta, hawayenta suna ɗiga mini a fuska. Ya gama gaba da gefen dama, ya zo kan ƙeya. Wanzami kuwa ba ya aske ƙeya sai ya sunkuyar da kai, don haka ya ɗora tafinsa a tsakiyar kaina ya danna a hankali. Kan ya ƙi sunkuyawa. Ya sake dannawa, na ƙwalla ƙara, gwiwoyina suka naɗe da kansu. Malam Ari ya janye hannunsa, ya ninke askarsa, ya dubi Kaka ya ce, "Hajiya, wannan ba aikin aska ba ne, sanƙarau ne. Ku kai ta likita yanzu, yanzun nan." Inna ba ta jira kowa ba, ta saɓa ni a baya, ƙatuwa da ni, ƙafafuna suna jan ƙasa, ta fita titi ko mayafi babu. Abin da na ji na ƙarshe shi ne muryarta tana tsayar da taksi.

Na farfaɗo a kan gadon ƙarfe, da robar ƙarin ruwa a hannu, rabin kaina ƙwal, rabi da gashi a cukurkuɗe. Na ga Baba a tsaye da ƙurar hanya a rigarsa, na ga bakinsa yana motsi, na jira maganar ta iso, ba ta iso ba. Wata ma'aikaciya ta yar da kwanon ƙarfe a ƙasa, kowa ya zabura ban da ni. Na kira Inna, na ji kiran a maƙogwarona amma ban ji shi a kunne ba, sai na yi ta kira da ƙarfi har aka danne ni. Daga baya wana ya rubuta mini a allon makaranta abin da lokotoro, wato dakta, ya ce: an ceci raina, kunnuwa kuwa sun tafi, kuma da an kawo ni da wuri da wataƙila ba haka ba. Da muka koma gida Inna da kanta ta ƙarasa askin da reza, don ba a yawo da rabin kai. Ba ta yi kuka ba a ranar, fuskarta kamar an share.

Lakwal ta gagare ni bayan shekara guda, aka sa ni koyon ɗinki. Waɗanda suka iya boko suna rubuta mini, sauran na koyi karanta leɓɓansu in sun fuskance ni. Inna da Kaka ba wadda ta iya rubutu, kuma tun daga ranar likita magana tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa. Gashin kuwa bai san an yi ba, ya sake tsirowa, ya fi na da cika da naɗewa. Wata Juma'a da hantsi, ya kai tsawon yatsa, sai Kaka ta kama hannuna ta kai ni bayan ɗaki. Ta jiƙa karkashi da kanta, ta ɗebo man shanu, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta. Matar da ta yi shekaru tana neman a raba ni da shi, ga ta tana bin sa da yatsu sili-sili. Inna ta leƙo, ta gan mu, ta juya ta koma ɗaki. Daga nan kowace Juma'a haka muke yi har ƙarfin Kaka ya ƙare. Kuma duk lokacin da take yi magana take yi. Ina jin ta a bayana, ƙirjinta yana gunji a jikina, hucin bakinta yana sauka a fatar kaina, wani lokaci ta daɗe, wani lokaci ta tsaya ta haɗiye ta ci gaba. Mai gyaran kai a baya take zama, ba na ganin bakinta. In na waiwaya sai ta yi shiru, ta kama kaina ta mayar gaba. Na tambayi Inna abin da Kaka take faɗa, ta nuna mini da hannu cewa ita ba ta tsayawa a wurin. Na tambayi Kaka, ta shafa kumatuna kawai. A haka ta rasu.

Yanzu ina zaune a shagon ɗinkina ina kallon 'yan matan Damagaram suna wucewa da irin gashin nan, na kanti, an sayo an ɗinka musu a ka, suna taƙama da shi. Yaro ya yi zazzaɓi da safe, kafin azahar an ɗora shi a babur an kai shi likita, ana kuma bi unguwa-unguwa ana allurar rigakafi, na gode wa Allah da na ga wannan zamani. Nawa gashin yana nan, furfura ta fara shigarsa, ban taɓa sa masa man miƙarwa ba, ban kuma sake kai shi wurin makitsiya ba. Ni nake wanke abina, ni nake datse shi, a gaban madubi, don ba na iya jure wani ya zauna a bayana. Na daɗe da yafe wa kowa, ko da yake ba wanda ya roƙe ni a inda zan gani. Sai dai ranar Juma'a da hantsi, in gari ya ɗauki zafi, nakan ajiye aiki in yi ta tunani, ko addu'a ce tsohuwar nan take yi mini, ko gafara take nema, ko labarin 'ya'yanta da ta binne take ba ni. Ta faɗa mini komai, shekara da shekaru, bakinta dab da kunnena. Ban ji ko kalma ɗaya ba.