Katin da Ke Zuwa Farin Dutse

Nu'uman mai gyaran waya yana da rumfa a bakin tashar Birnin Kudu. Ba shi da yawan magana, ba shi kuma da wani kyau. Aikinsa zuba wa mutane wa'azi da waƙa a katin memori, da wanke katin da ya rikice. Tun da kwamfutarsa ta mutu yake aiki da wata 'yar na'ura kamar tafin hannu. Ya haɗa ta da baƙin allo, ya rubuta mata umarni, ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce e, ta share komai.

Uwarsa, Inna Batulu, tana wani ƙauye bayan Farin Dutse, inda waya ba ta kamawa a lokacin. Sai ya saya mata ƙaramin rediyo mai ɗaukar murya. Kati ɗaya gare su. Ta yi magana a ciki, ta ƙulle shi a tsumma, ta ba Buba direban motar Gwaram. Nu'uman ya saurara, ya wanke katin, ya ɗora amsarsa. Dole ya wanke, don rediyon ba ya karanta katin da ba a share tas ba. Bai taɓa kwafe muryarta ya ajiye ba. A ganinsa wata muryar tana tafe.

Wata rana Buba ya cilla masa tsumman.

"Injiniya, ga faɗan tsohuwarka. Ta ce in tambaye ka ko an ɗaure ka ne a rumfar nan."

"Ka ce mata direbobin hanyar ne ba na yarda da su."

Ya saurara yana ɗaure bayan wata waya. Ta yi maganar rufin ɗaki da ke yoyo, da akuyar da ta haihu, ta yi tari, ta ce ya zo. Ya rubuta umarni, na'ura ta tambaya, ya ce e. Ya ɗora nasa: sai an gama girbi.

Da Buba ya dawo bai cilla komai ba. Ya sauko daga mota, ya tsuguna, ya miƙa masa katin hannu da hannu. An riga an binne Inna.

A gidan makoki ƙanwarsa Hapsatu, wadda aure ya kai garin Maruta, ta ja shi gefe.

"Yaya, ka zuba mini muryar Inna a wayata. Ko kaɗan ne."

Ya ce zai duba. Ya koma rumfa ya duba ɗin, ko da yake ya san aikinsa. Abin da aka share aka ɗora wani a kai ba ya dawowa. Muryarsa kawai ya samu, tana ba da uzuri.

Ranar sadakar arba'in ya gaya mata gaskiya. Ba ta zage shi ba.

"To me ta ce a na ƙarshen?"

Ya faɗa mata rufin ɗaki, ya faɗa mata akuya. Ya gwada jan sunansa yadda Inna take ja.

Hapsatu ta girgiza kai.

"Ba haka take faɗa ba."

"To yaya take faɗa?"

Ta buɗe baki, ta gwada. Ita ma bai fito daidai ba.