Zuciyata Ta Gaji Bayan Haihuwar Fari

Salamu alaikum. Ina roƙon ku buga wannan ba da sunana ba, domin mutanen da zan ambata suna raye, kuma babu wanda ya yi mini wani abu da mugun nufi. A Diffa aka haife ni, iyayena mutanen Damagaram ne da aiki ya kawo su suka zauna. Lokacin da nake kwaleji da gudu aka san ni, ni ake turawa duk gasar makarantu. Malaminmu na wasanni ya taɓa riƙe wuyan hannuna bayan na huta, ya ce bugun zuciyata a hankali yake tafiya, irin na zuciyar da ta saba da aiki, wadda ke tura jini mai yawa a bugu ɗaya. Na ji daɗin maganar nan, na riƙe ta. Da na yi aure aka kai ni wani ƙauye kusa da Shetimari, gidan manoman tattasai a bakin kogin Komadugu. Aikin gona bai ba ni wuya ba. Ina hawa gangaren kogi da kwando a kai, in bar matan gidan a baya suna haki, uwar mijina kuwa ta riƙa gaya wa baƙi cewa ɗanta ya auro wadda ba ta san gajiya ba.

Cikina na fari bai dame ni ba. Da ya tsufa aka mayar da ni gidanmu a Diffa kamar yadda ake yi, na haifi 'ya mace lafiya, daidai lokacin da ake tsinkar tattasai. Innata ta tsaya a kaina tsayin daka. Safe da yamma ta tafasa ruwa da ganye ta yi mini wankan jego, ta dama kunun kanwa mai kauri, ta sa garwashi a ɗaki don kada sanyi ya shige ni. Haka uwarta ta yi mata, haka ta yi wa yayyena mata, kuma duk sun tashi lafiya. Bayan suna da 'yan kwanaki na soma jin wani abu da ban san shi ba. Daga ɗaki zuwa makewayi sai in tsaya in dafa bango. Tari ya zo. In na kwanta a miƙe sai in ji kamar an ɗora mini buhu a ƙirji, har na koma barci a zaune, na jingina da bango. Ƙafafuna suka kumbura, takalmina ya daina shiga. Inna ta duba ta ce sanyi ne ya samu kafa, ta ƙara wa ruwan zafi, ta ƙara kanwa.

Ban gaya wa kowa iyakar abin da nake ji ba. Na tuna cewa a makaranta, in mun dawo daga hutu, numfashina kan yi gajarta a makon farko, sai horo ya dawo da shi. Na ɗauka zaman ɗaki ne ya kashe mini jiki, maganinsa kuma motsi. Na soma share tsakar gida, ina ɗaukar bokitin ruwa, ina haki ina daurewa. Wata ranar hantsi Inna ta fita barka a maƙwabta, na ga gero a turmi na ɗauki taɓarya. Ban yi nisa ba na ji iska ta ƙi shiga. Ina buɗe baki ina ja, babu abin da ke isa ciki. Na durƙusa a gefen turmin ina tari, wani kumfa mai ja-ja yana fita daga bakina. Abin da nake iya tunawa shi ne kaji sun zo suna cin geron da ya zube, ina kallonsu, 'yata kuma tana kuka a ɗaki, ina jin ta kamar 'yar wani gida. Matar yayana ce ta same ni, yayana ya nemo mota aka kai ni asibiti.

An sa mini robar iska a hanci, aka yi mini allurai da suka sa na yi ta fitsari, ƙirjina ya ɗan saki. Da na samu ƙarfin tafiya aka tura ni Damagaram a ɗauki hoton zuciyata. Likitar da ta duba ni ta juyo da na'urar ta nuna mini. Ta ce zuciya tsoka ce, aikinta ta karɓo jini daga huhu bayan ya sha iska, ta tura shi ko'ina a jiki. Mai ciki jininta yana ƙaruwa, zuciya ta yi watanni tana ɗaukar kayan mutum biyu. Wasu matan, bayan sun haihu, tsokar sai ta saki, ta buɗe, ta kasa matsewa. In ta kasa tura jinin, sai ya taru a baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu, shi ne mutum ke nutsewa alhali yana zaune a ɗaki. Ta ce har yanzu ba a gama sanin dalilin da ya sa yake kama wata ya bar wata ba, amma kanwa da gishiri suna tara ruwa a jiki, zafi mai yawa kuma yana sa zuciya gudu, duka biyun nauyi ne a kan abin da ya riga ya gaji. Na ga tawa a hoton, babba, tana motsi kaɗan-kaɗan.

Na ce, "Likita, ni fa mai gudu ce."

Ta ce, "Ƙarfin da gudun ya ba ta ne wataƙila ya kawo ki nan da rai. Amma lafiyayyar zuciya ake horarwa. Taki hutu take nema, kika ba ta taɓarya."

Na yi watanni a Damagaram wajen goggona, ina zuwa asibiti ana gyara mini magani. 'Yata tana Diffa, matar yayana da ke goyon nata ɗan ta haɗa su tana shayarwa. Nonona ya kafe, ban ma lura da ranar ba. Ana kirana a waya a sa mini muryar jaririyar, in ce Allah ya raya, in miƙa wa goggo wayar. Ranar da likita ta zaunar da ni da maigidana ta ce wani cikin zai iya kashe ni, shi ne ya sunkuyar da kai yana share ido, ya ce raina ya fi masa. Ni fankar da ke sama nake kallo. Na san ya kamata in ji wani abu, na jira, bai zo ba. Inna kuwa tun da ta ji zancen kanwa ta rame. Ta zo har Damagaram ta riƙe ƙafata tana neman gafara. Na gaya mata babu laifinta, kuma gaskiya na faɗa, amma muryata ta fito babu komai a cikinta, ta kuma ji hakan. Har yau ba ta cika haɗa ido da ni ba.

Daga baya likitar da kanta ta ce in soma tafiya, domin kwanciya ma tana da tata illar. Ta ce in yi tafiyar da zan iya magana a cikinta, in maganar ta soma yankewa in tsaya. Ta ce tsokokin ƙafa in sun saba, sukan koyi amfani da iska da tattali, sai su rage wa zuciya wahala. Na soma daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar gida, daga baya zuwa bakin titi, goggo tana gefena tana ja na da hira don ta ji numfashina. A hankali zuciyar ta ɗan dawo, ba duka ba. Yanzu ina gidan mijina, ina shan magani kullum, ana dafa mini miya dabam ba gishiri. Ina zuwa gona da ƙafata, amma ba na ɗaukar kaya, ba na sauka gangaren kogi. Mutane suna cewa in gode wa Allah, kuma ina godewa.

Abin da na gane shi ne ƙarfin jiki ba ya hana ciwo, wani lokaci ma shi ke sa mutum ya ƙi yarda yana ciwo. Haki na wanda ya yi aiki dabam yake, yana wucewa in an huta. Hakin da ke samun mutum yana zaune, ko ya hana shi kwanciya, ba a maganinsa da dauriya. Iyaye mata masu kula da mai jego, don Allah in kun ga ƙafarta ta kumbura, tana tari, tana barci a zaune, kada ku jira arba'in, ku ajiye kanwar ku kai ta asibiti a ranar. Ke ma mai jego, ki buɗe baki ki faɗi abin da kike ji. Da na yi magana a makon farko, wataƙila da an ba ni magani ina gida, 'yata tana jikina. Lokacin da na dawo daga Damagaram har ta soma rarrafe, na miƙa hannu ta juya ta ruƙunƙume matar yayana. Sai da aka yaye ta aka kawo mini ita. Yanzu ta iya magana, matar yayana take kira Mama. Ni Tanti take ce mini, wato goggo, ina kuma amsawa.