Shekara Shida Yana Kallona

Takalmi ne ya fara ƙina. Ina da shekara arba'in da 'yan kai, lokacin da ƙafar mutum ta daɗe da tsayawa, sai lambar da na saba saye a kasuwar Batsari ta daina shiga. Hula ta bi baya. Haɓata ta turo gaba, haƙora suka ware, murya ta koma kamar ana magana cikin randa. In na kama ƙotar fartanya sai ta ɓace a hannuna.

A shekarun nan ne 'yan bindiga suka hana mu noma. Ƙauyenmu yana gefen Wagini, ni ne kuma a gaba cikin masu raka mutane gona. Aka ce maganin taurin da na sha ne ya kama jiki. Labari ya kai daji cewa garinmu akwai wani ƙato da kullum ƙaruwa yake. Ban ƙaryata ba. Daɗi ma na ji, ba zan ɓoye ba.

Ina da aboki, tare muka yi firamare. Ni na tsaya aji biyu na sakandare, shi ya wuce har ya zama ma'aikacin lafiya a wani ɗan asibiti wajen Safana. Duk Juma'a yana gida. Nakan kai masa kukan ciwon kai, da zufa mai jiƙa riga ko da sanyi.

"Gajiya ce, mutumina," in ji shi. "Wannan uban kan naka ai ɗaukarsa ma aiki ne."

Mu yi dariya, ya miƙo farasitamol.

Sai ranar da na buge jaki da babur da rana tsaka. Ta hagu ya fito, ban gan shi ba sam. Na rufe idon dama, na ga duniya ta dushe. A nan abokina ya ce mu tafi babban asibiti, shi zai raka ni.

Likitar mace ce, ba ta kai ƙanwata ba. Tun ba mu gama gaisuwa ba take kallon hannuna. Ta nemi tsohon hotona, na ba ta katin zaɓe. Aka ɗibi jini, aka ce sai hoton kai da injin da suke kira MRI.

Injin ba ya shiri da ƙarfe. Na cire kambu da guru da wuƙa. Zoben azurfar mahaifina ya nutse cikin nama, sai yanka shi aka yi. Aka kwantar da ni, aka kifa mini wani abu kamar keji a kai, aka tura ni cikin rami mai ƙara kamar injin niƙa. Can aka fito da ni, aka yi mini allura a jijiya, aka mayar. Kafaɗuna da ƙyar suka shiga.

Washegari ta nuna mini hoton. Ta ce ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, bayan hanci, akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake mai ba jiki umarnin girma. Tawa ta yi ƙari, ya kai dabino, yana ta zuba umarnin cikin jini. Ta sa biro a saman farin dunƙulen.

"Baba, nan ya danne jijiyar ido. Na hagu ba na sa ran dawowarsa. Na dama za mu iya ceto in an yi aiki da wuri, ta hanci ake bi."

Sai ta juya ga abokina da Turanci. Ba na jin Turancin likitoci, amma ƙirga na iya, na kuma san kalmar shekara. Shida ya ce. Ya faɗi sunan ciwon bakinsa bai ko sarƙe ba. Ta daɗe tana kallonsa.

A bakin ƙofa na tare shi.

"Shekara shida me?"

"Mu je tasha tukuna."

"Kai, ba ɗanka ba ne ni. Shida me?"

Ya ce tun lokacin ya yi zargi, ya duba littafi ya gani. "In na ce ciwo ne, wa zai fita gona? Tsoronka ne ya ciyar da garin nan, har da 'ya'yanka."

"Da ka faɗa mini na zaɓa da kaina. Wataƙila da na zauna. Amma idona ne."

Mota daban na shiga.

Da na dawo na wuce gidan mai gari, don ya nemi wanda zai riƙe rakiya. Na zube na gaishe shi, na kwashe duka na faɗa masa, ina jiran salati. Bai yi ba. Ya ci gaba da ɓare gyaɗa.

"Abokinka ya gaya mana tun tuni," in ji shi. "Mun yi ta maka addu'a."

Mana. Ban tambayi su wa da wa ba, don kada in rasa wanda zan bi salla.

"Yanzu dai ka rufa mana asiri," ya ce. "Wata biyu ne, a kai gero gida."

"Ranka ya daɗe, likita ta ce idon da ya rage ba zai jira gero ba."

"Likitoci haka suke cewa."

Na tashi. Ranar Laraba ƙanena ya ɗauke ni a babur zuwa Batsari, ta tsakiyar gari, da jakata a cinya. Duk wanda ya tambaya ina zuwa, na ce asibiti, ciwo gare ni a kai.