Hannun da Buba ya ɗaga wa surukinsa

Shekara bakwai ke nan da muka binne Buba a Sara, kuma har yau ban san ko na zalunce shi ba. Abokina ne tun muna makarantar kwana a Birnin Kudu. Na yi fushi da shi mai tsanani, ya rasu ban gama hucewa ba, ga shi yanzu ina neman wanda zai gaya mini ko fushin nan yana da tushe.

Buba wakilin wani gidan rediyo ne a Gwaram, ni kuma ina aika wa jarida labarai daga Birnin Kudu. Muna da 'yar ƙungiyarmu ta 'yan jaridar yankin, ba mu da yawa, aji ɗaya na firamare kan ɗauke mu har benci ya yi saura. Shugabanmu a lokacin Malam Isyaku ne, dattijo mai fara'a da ya daɗe a kan kujerar. Aibinsa ɗaya, ba ya son a ɓata wa manya rai. In ka ɗauko labarin rijiyar burtsatse da ta lalace a Kiyako, kafin ka aika zai kira ka, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya ce a bar wannan tukuna. Haka labarai suka riƙa mutuwa a aljihunmu.

Mu masu jini a jika muka ce sai an sauya shi, muka tsayar da Buba, don kowa ya yarda da gaskiyarsa. Ni na ɗauki tallarsa a ka. Abin da muka raina shi ne Malam Isyaku ƙanin mahaifin Hadiza ne, matar Buba, shi ya ma ba da aurenta. Buba kuwa ɗan gidan Fulani ne, Fulatancin ya ɓace masa a baki amma kunyar tana nan daram. Duk yawon neman ƙuri'ar da muka yi bai taɓa kama sunan mutumin ba, “Baba” kawai yake cewa. Ina ta tsokanarsa, ashe ni ne abin dariyar.

A wancan lokacin, da ɗaga hannu muke zaɓe. Aka ƙirga, aka yi kunnen doki. Mai gudanar da zaɓen ya ce to, 'yan takara ma su ɗaga nasu. Da kowa ya zaɓi kansa, da an ɗage sai mako mai zuwa, ga shi muna da mutum biyu namu da suka tafi suna a Unguwar Ya. Aka kira sunan Malam Isyaku, ya ɗaga wa kansa hannu ba ko ɗar. Sai ga hannun Buba ya bi bayan nasa, kansa a sunkuye.

A bakin ƙofa na tare shi, na ce, “Buba, in ka san haka za ka yi, don me ka bari muka sha wahala?”

Ya ce, “Na tsaya ne don ku sauke shi. Ban ce zan sauke shi da hannuna yana kallona ba.”

Na ce masa taura biyu ba ta taunuwa, na hau babur ɗina na tafi. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ga matan Kiyako suna ta ɗiban ruwan kududdufi ba wanda ya ji labarinsu. Wannan nake tunawa in ji na yi daidai.

Amma a zaman makokin Buba, Malam Isyaku ya jawo ni gefe, idonsa jawur, ya ce, “Yaron nan ya cuce ni da kunyarsa. Na gaji da kujerar, da ya kayar da ni da na huta.” To in haka ne, me ya sa ya ɗaga wa kansa hannu? Ban tambaye shi ba, shi ma ya riga mu gidan gaskiya.

Saboda abin da ya faru ranar zaɓen nan na dage har aka koma jefa ƙuri'a a asirce, kowa da takardarsa. Nakan tambayi kaina wa Buba zai rubuta da ya riski wannan tsari. Na taɓa tambayar Hadiza, ta ce ko a cikin rumbu aka kulle shi Baba zai rubuta. Ban san ko yabonsa take yi ko ƙararsa take kawo mini ba. Ban kuma san me zai ce da 'yan takarar yau ba, waɗanda hotunansu ke yawo a waya, kowa yana kiran kansa jarumi da bakinsa.

Yanzu ni ne shugaban. Ranar Asabar za a yi zaɓe, kuma wadda ta fito neman kujerar Sa'adatu ce, 'yar jaridar da ni na koya wa rubuta labari. Magoya bayanta suna cewa shugaba ya fara kiran mutane yana cewa a bar wannan tukuna. Ba ƙarya suka yi ba, na yi hakan sau biyu. Shekaranjiya ta zo har gida, ta durƙusa, ta ce, “Baba, albarka nake nema.” Na sa mata, har na ce kada ta ji kunyar kowa. Tana fita na kama zuciyata tana fatan ranar Asabar hannunta zai kasa rubuta sunanta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Buba bai bar kujera ba, bai bar suna a allon ƙungiya ba, muryarsa ma ba na jin gidan rediyon ya adana. Abin da ya bari shi ne wannan kara, wadda na kira ragwanci lokacin da aka yi wa wani, yau kuma nake kwaɗayin a yi mini. Allah ya jiƙan ka, Buba. Har yanzu ban tabbata ka yi daidai ba, amma da kana raye da yau na zo Sara neman gafararka.