Yaya Sale da Fadamarsa ta Bakin Teku

Talatar nan da ta wuce Yaya Sale ya cika shekara bakwai da rasuwa. Bana ban tara mutane ba. Na dafa wake da shinkafa na kai masallacinmu na Bronx, na ajiye a ƙofar mata, na juyo tun kafin wata ta tare ni da jaje. Na gaji da jajen da ban cancanta ba.

Ga wanda bai san shi ba, Salisu sunansa, wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana tuƙin tasi a birnin nan na New York. Mu 'yan zango ne na gabashin Gana, wajen Keta, inda ƙasa ta sirance tsakanin teku da tafki. Babanmu mutumin Yawuri ne, fataucin goro ya kai shi kudu. Ya ga yashi, ya ga ruwa kusa, ya ce nan albasa za ta yi. Da masu ƙasar, mutanen Ewe, suka ce ya zaɓi wuri, sai ya wuce tudu ya je ya nuna kwarin da ya fi kusa da teku. Suka yi masa dariya, shi ma ya yi musu. A Yawuri wanda ya samu fadama shi ya samu gona, don kogi ya cika ya rufe ta, in ya koma ya bar mata taki. Sai Baba ya raɗa wa wurin suna Fadama. Har ya koma ga Allah bai yarda akwai ruwan da ke zuwa ya ƙi komawa ba.

Kuma gonar ta yi, kada in yi mata ƙarya. Rijiyoyinmu ko gaba biyu ba su kai ba, ruwansu garai. Da sassafe ni da Yaya muke ban-ruwa da bokiti, kunya bayan kunya, da yamma mu kai albasa bakin gaɓa mu karɓo kifi a wurin Efo Kosi, wani tsohon masunci maƙwabcinmu. Shi ne kullum yake nuna wa Baba can cikin ruwa, inda kwalekwale ke jefa taru, ya ce gidan kakansa yana ƙarƙashin wurin. Baba sai ya ce ruwa baƙo ne, baƙo kuwa komai daɗewarsa zai tafi. Yaya ya gaji wannan magana kamar yadda ya gaji hancin Baba. Da Baba ya rasu, a kan gonar aka binne shi, ƙarƙashin itatuwan kwakwa, inda mutanen zangonmu ke kai nasu.

Yaya ne ya fara zuwa Amurka, daga baya ya jawo ni, na shiga aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Gona ta koma hannun Ɗanladi, ɗan ƙanin babanmu. Kowace Juma'a in an sauko, Yaya zai tsaya a bakin masallaci ya kira shi, kafin ya tambayi lafiyar yara sai ya tambayi Fadama. Ina wurin ranar da Ɗanladi ya ce rijiyar gabas ta fara ɗanɗanon gishiri, ganyen albasa yana ƙonewa daga baki. Yaya ya ce a haƙa wata. Na ce masa ruwa fa ba ya tsami banza. Ya dube ni ya ce in tafi in wanke tsofaffin Turawana, in bar noma ga masu shi. Haka muke da shi, bakinsa kaifi, nawa ya fi.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, wata rana da la'asar ya riƙe hannuna a gaban matarsa Rabi.

"Kada ki bari su sa ni a cikin sanyin nan," ya ce. "Ki kai ni Fadama, kusa da Baba."

Na ce na ɗauki alkawari. Kwana huɗu bayan haka ya cika.

Nan rigima ta tashi. Rabi ta ce a kai shi maƙabartar Musulmi ta New Jersey, inda ita da yara za su riƙa zuwa. Liman ya ce gaggauta binnewa ya fi, ƙasa duk ta Allah ce. 'Yarsa Hadiza, wadda a Bronx aka haife ta, tana da shekara goma sha shida a lokacin, ta ce da Turanci ita dai tana son wurin da bas ke zuwa. Ni kuwa na tashi a tsakiyar falo, mata cike, na ce da ita, "Ke da ko gaisuwa ba ki iya mayarwa da Hausa, ke za ki faɗa mini inda ubanki zai kwanta?" Yarinyar ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Na ci gardama. Ni na raka akwatin a jirgi, ni na tsaya daga nesa ina kallo maza suka sa shi kusa da Baba. Ranar na ji ƙarar teku a bayan kwakwa, na lura ta fi yadda na san ta kusa, na ce wa kaina kunnena ne ya manta.

Shekara biyu bayan rasuwarsa aka yi guguwar nan da ta tura teku cikin birnin nan, ramukan jirgin ƙasa suka cika da ruwan gishiri. Na taka da ƙafa zuwa wurin aiki, tsohuwar da nake kula da ita tana kuka don wuta ta ɗauke. Amma na ga abin da masu hali ke yi wa teku in ya taɓa su. Injuna suka zo, manya kamar ɗaki, suka zuƙe ruwan suka mayar masa da abinsa, ba a daɗe ba jirage suka ci gaba da gudu. Mu kuwa a can, Ɗanladi ya haƙa rijiya ta biyar ya ɗanɗana ya tofar. Albasa ta daina yin kai. Murhunan banda na matan masunta suka rufta ɗaya bayan ɗaya, gaɓar da ake jawo kwalekwale ta zama gangare, 'ya'yan Efo Kosi suka kwashe tarunsu suka nufi Tema da Abijan. Ko injin ban-ruwa ɗaya ba wanda ya aiko mana.

Hadiza ce ta yi mini bayani, lokacin ta shiga kwaleji, muna ɗan gaisawa sama-sama. Ta ce hayaƙin motoci da masana'antu ne ke ɗumama duniya, ƙanƙarar can ƙarshen duniya tana narkewa, teku yana ƙaruwa. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wallahi wanda ya yi karin maganar nan bai zo New York ba. Tsuntsun da ya ja ruwan yana hawa na arba'in da na'urar sanyaya ɗaki, ruwan kuwa yana dukan matar da duk dukiyarta murhun banda ne. A birnin nan ma shugabannin duniya suke taruwa duk shekara a kan maganar, su tare mana hanya da jiniya, bas ɗina ya makara.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ji wannan. Mutumin da ya shekara ashirin yana ƙona mai daga safe zuwa yamma, ƙafarsa ta kumbura a kan birki, duk don ya riƙe gonar Baba. A ce masa hayaƙin tasinsa ma yana cikin abin da ya ci gonar? Na san shi. Zai ce ƙaryar Turawa ce, ya kira Ɗanladi ya ce a haƙa ta shida. In ya ajiye wayar kuma ya ƙi cin tuwo.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, don ban taɓa faɗarsa a gaban mutane ba. Bara waccan Ɗanladi ya kira ni ya ce layin kwakwa na farko ya faɗi. Ya ce mutanen Ewe sun fara tone nasu suna kaiwa tudu, shi ma ya tambayi malaminmu, malam ya ce in ruwa zai ci kabari ya halatta a ɗauke mamaci. Maza sun shirya, kalmata kawai yake jira, tunda ni na kawo Yaya.

Na ce ya bari damina ta wuce, ruwan zai koma.

Ni da bakina na faɗi haka, ni da na yi wa Yaya gorin rijiya. Na sha gaya wa kaina tausayi ne, ba na son a taɓa ƙashinsa. Akwai wannan. Amma gaskiyar da ke ƙasa ita ce, in an tone shi sai na kira Rabi na faɗa mata, ita kuwa ko ba ta ce komai ba shirunta zai ce ai na gaya miki. Girman kai ne ya hana ni, ba wani abu ba. Ɗanladi ya sake kira sau biyu, na ce ina wurin aiki.

Wata safiya ina tsaye a tashar bas ta University Heights wayarsa ta shigo. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce teku ya yi kwana uku yana hauka, yau da gari ya waye sun je, babu kwakwa, babu kaburbura, ruwa ne kawai yake kai da kawowa. Baba, Yaya, da duk mutanen zangon da ke kwance a wurin. Bas ya zo ya buɗe ƙofa ya rufe ya tafi ina tsaye. Da na sani ƙeya ce, haka ne, amma ba wanda ya gaya mini tana da nauyi haka.

Rabi a bidiyon waya ta gani kafin in yi ƙarfin halin zuwa. Da na je ta shimfiɗa mini darduma, ta kawo mini ruwa, ta ce Allah ya sa can ya fi nan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Hadiza kuwa lokacin tana shirin gama karatun aikin jinya, ta daɗe da niyyar in ta karɓi takardarta za ta je Gana ta tsaya a kan babanta ta faɗa masa. Ni na zaunar da ita na gaya mata komai, har kiran Ɗanladi da amsar da na ba shi. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ɗauki jakarta ta ce tana da jarrabawa.

To me ya rage na Yaya Sale bayan shekara bakwai? Gona babu, Ɗanladi yana sayar da katin waya a Aflao. Kabari babu. Akwai tsohuwar takardar tasinsa a aljihun jakata, akwai direbobi 'yan Nijar a Harlem da har yau suke cewa shi ya koya musu hanyoyin birnin nan bai karɓi ko shayi ba. Malamai sun ce addu'a ba ta neman adireshi, tana isa ko'ina mamaci yake, na kuma yarda. Amma mai rai yana bukatar wurin da zai kai ƙafarsa, wannan kuwa ni na raba yarinyar nan da shi, sau biyu.

Watan jiya na je New Jersey na nemi wurina a maƙabartar da Rabi ta so tun farko. Suka ce sai na rubuta sunan wanda zai tsaya a kaina. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, saboda haka na kai wa Hadiza takardar a asibitin da take aiki, ina jiran ta mayar mini da ita. Ta karanta har ƙasa, ta sa hannu, ta miƙo mini.

"Zan riƙa zuwa, Gwaggo," ta ce. "Ba don ke ba. In na tsaya a kanki, da shi zan riƙa magana."

Na ce na gode, na ninke takardar na sa a jaka.