Mutumin da ke cikin rigar zomo

Jiya na tarar da 'yata Hauwa ta manne da talabijin, tana bin sunayen ma'aikatan da ake jerawa a ƙarshen shirin yara da yatsa.

Shekara biyu ni ne cikin rigar zomon shirin nan, ina tsalle a gonakin Toranke, gumi har cikin ido. Ta faɗa wa 'yan ajinsu, suka ce ƙarya take.

"Baba, har mai kawo abinci an rubuta. Ina naka?"

Na kira darakta, sai cewa ya yi, "Haba Malam Sani, so kake yara su gane mutum ne a ciki?"

Wallahi mutum ne, har da 'ya. Yau ta ƙi zuwa makaranta.

Jama'a, me zan ce mata?